Bango a Hagu

Ranar da matar ofis ta zo gidanmu, ni aka sa na goge kujerun falo, Kawu kuma shi ya tsara inda kowa zai zauna. Ya ɗauki babbar kujera, ya ba baƙuwa ta bakin ƙofa, ya ce Yaya ta zauna can kusurwa kusa da firij don kada ta gaji. Ban san yadda zama kusa da firij yake hana gajiya ba. Abin da na lura da shi, kunnen Yaya na hagu ne ya fuskanci baƙuwar, kuma wannan kunnen ba ya ji. Na buɗe baki zan faɗa, Kawu ya ce in kawo ruwa. Na tafi kawo ruwa.

Kunnen ya mutu ne tun ranar da wani mutum ya shiga kemis ɗin da Yaya take aiki, ya nemi maganin da ba a sayarwa sai da takardar likita. Ta hana shi. Ya ɗauki ƙarfen da ake tokare ƙofa da shi ya maka mata a gefen kai. An kama shi, an ɗaure shi. A gidanmu ba a kiran sunansa, "wancan" ake cewa. Lokacin ina tsakiyar sakandare. Yanzu na gama, ina aikin yamma a shagon fotokwafi, Yaya kuwa a sanin kowa ba ta sake taka titi ba in ba a mota za a kai ta asibiti ba.

Matar ofis doguwa ce, ta ɗaure jakarta da roba saboda zif ɗin ya lalace. Ta ce daga hukumar gidajen yari take, sashen da yake kula da waɗanda aka cuta. Ta ce wancan ya ci fiye da rabin wa'adinsa, ba a same shi da laifi a ciki ba, akwai kwamitin da zai zauna ya duba ko za a sake shi bisa sharaɗi.

"Wato za a buɗe masa ƙofa ya tafi," in ji Kawu.

"Da igiya a ƙafa. Zai riƙa zuwa ofis ana ganinsa, akwai inda ba zai taka ba. Ya karya sharaɗi ɗaya, ya koma ciki."

"Malama, na yi tuƙin babbar mota har gashina ya yi fari. Ban taɓa ganin igiyar da ta riƙe tirela a gangara ba. Ku bar shi ya ruɓe a can."

Umma ta ce amin a hankali. Tana murza gefen zaninta.

Matar ta ce za ta kai wa kwamiti wannan magana yadda ya faɗe ta, amma sakin ko rashinsa ba a hannunta yake ba. Abin da take da ƙarfi a kai shi ne sharuɗɗan. Sai ta leƙa ta bayan kafaɗar Kawu ta ce, "Ƙanwata, ina da ina kike zuwa? Wurin aiki, makaranta, gidan ƙawa? Duk inda ƙafarki take zuwa nake son sani, don a hana shi wurin."

Yaya tana kallon hannayenta. Firij yana ta gurnani a kunnenta mai ji.

"Ba ta zuwa ko'ina," Kawu ya amsa, har da ɗaga ƙirji. "Mun riƙe ta da kyau. Ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Ki rubuta layin nan, da na gabansa, da na bayansa."

"Ko zaure ba ta fita," in ji Umma.

Matar ta rubuta. Ta ce to da sauƙi ke nan, domin aikin da aka samar masa yana da nisa da nan, wurin wankin mota ne a bakin tasha. Kawu ya ce gara can, ya je ya wanke motoci ko zai wanke halinsa. Ya yi dariya shi kaɗai.

Ni kuwa tiren da ke hannuna ya karkace, kofi ɗaya ya zame na tare shi da ciki.

Ga abin da ba su sani ba. Umma tana fita da sassafe, tana shara a wata makarantar firamare. Da ta fita, Yaya take saka takalmi. Mun daɗe muna yi. Farko bakin ƙofa kawai take tsayawa ta dawo tana haki. Sai ƙarshen layi. Sai titi. Dokarta ita ce in bi ta a baya da tazara, kada in riƙe ta, kada in yi mata magana. Hanya ɗaya take bi, saboda hanyar tana da bango a hagu tun daga ƙarshen layinmu: katangar makaranta, sai ta ma'ajiyar siminti, sai dogon shingen tasha. In bango yana gefen kunnen da ba ya ji, ta san ba wanda zai ɓullo mata ta nan. A dawowa bangon yana komawa dama, sai in matso in jera da ita ta hagu. A dawowa ni ce bangon.

Ta kai har ƙarshen shingen tasha, inda wata tsohuwa take sayar da lemo. Nan take tsayawa ta kalli tsallaken titi. A can mai kemis ɗin da take wa aiki ya buɗe sabon shago, kuma ya aiko mata ta bakina cewa duk ranar da ta tsallako, farar rigarta ta aiki tana rataye. Wurin wankin motar yana jikin shagon. Ruwan kumfarsu ma ta gaban ƙofar kemis yake gangarowa.

Yaya ta sa na rantse ba zan faɗa wa Umma ba. Umma tana da hawan jini, kuma tun a asibiti ta ce muddin tana numfashi Yaya ba za ta sake taka titi da ƙafarta ba.

Bayan baƙuwa ta tafi, Yaya ta tambaye ni a kicin, "Me ta ce a ƙarshe? Na ga Kawu yana dariya."

"Ba komai. Maganar aiki."

Na wanke kofi ɗaya sau ban san adadi ba. A shago da yamma na buga wa wani mutum takardunsa a kife, ya ce, "'Yan mata, in karanta ne ina tsaye da ka?" Mai shago ya dube ni, na ce kaina ke ciwo.

Washegari muka fita kamar kullum. Ina bayanta ina kallon yadda take shafa bango da 'yan yatsu, tana ɗauke hannu daidai inda aka liƙa fasassun kwalabe, tana mayarwa. Mun isa wurin mai lemo. Tsohuwar ta ce, "'Yar gidana, yau ma kallo za a yi, ko za a saya?" Yaya ta yi murmushi ta sayi biyu. A tsallake samari suna watsa wa wata mota ruwa, suna ihu da juna. Na riƙa kallon wurin da wancan zai tsaya. Ga bokiti, ga soso, ga ƙarafunan ɗaga mota an jingine.

A dawowa na kasa riƙewa. Na zagaya ta damanta, abin da ban taɓa yi ba a hanya, na faɗa mata inda wancan zai yi aiki.

Ta ƙara sauri, na koma hagu da gudu-gudu. Da muka shiga gida ta cire takalmin ta tura shi can ƙarƙashin gado da ƙafa.

Ba ta fita washegari ba, ba ta fita ranar da ta biyo baya ba. Ta koma yadda take a da. Ta share ɗaki, ta sake sharewa. Ta zauna, ta tashi, ta taɓa sakatar ƙofa, ta dawo. Ta kwashe kayan durowa ta ninke ta mayar. Lemon nan biyu suna kan taga har fatarsu ta fara yamushewa. Umma ta ce, "Kin ga, tun da matar nan ta zo yarinyar nan ba ta da sukuni. Da ma ba su faɗa mana ba."

Na ce wa Yaya mu kira matar. Ta ce, "In ce mata me? In ce iyayena ƙarya suka yi? Kawu za su kira, shi ne lambarsa take wurinsu. Kafin rana ta faɗi Umma ta ji, a kwashe ta sai asibiti. Bar shi, Auta. Da ma ina zan je."

"Akwai farar riga."

"Su ba wata."

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta in malami ya kira ni sai in ji harshena ya yi nauyi kamar an jiƙa bargo. Amma na ji matar ta ce kwamiti zai zauna ƙarshen mako, kuma ranakun suna ta tafiya. Na ce wa mai shago zan makara, na hau bas.

Ofishin yana bayan gidan yarin, wani ɗan gini mai fanka ɗaya. A bakin babbar ƙofa mata sun yi layi da kwanuka da ledoji, masu ziyara. Na wuce su kaina a ƙasa, ina tunanin ko uwar wancan tana cikinsu. A ciki akwai benci. Na zauna, na tashi na karanta sanarwar da ke bango, na koma na zauna. Wani ma'aikaci mai ƙaton ciki ya tambaye ni wa nake nema. Na ce ba kowa. Ya ce, "To ba kowa ya fita, sai gobe." Na miƙe da gaske zan tafi, sai ga ta ta fito da jakarta mai roba.

"Ke ce mai tire," ta ce. "Shigo."

Na faɗa mata a birkice, na fara da lemo na koma kan firij. Ba ta katse ni ba. Da na zo kan kunnen, ta ajiye biro.

"Wane kunne?"

"Na hagu."

"Ni kuma ta hagu na zauna." Ta rufe ido kaɗan. "Yana cikin fayil, na karanta. Na shiga na zauna inda aka nuna min, na bar kawunku ya amsa min tambayar da ba shi na yi wa ba."

"Haka muke yi mata duka," na ce. "Ko a asibiti, likita ya tambaye ta ina ke ciwo, Umma ce take nunawa."

Ta ce ta gode, amma ba za ta iya kai maganata gaban kwamiti ba. Ba ni aka cuta ba. Sai daga bakin Yaya. Na ce Yaya ba za ta zo nan ba, ko an ɗaure ta da igiya. Ta ce, "Ba sai ta zo ba. Ƙarfe nawa mahaifiyarku take fita?"

Na koma gida. Ban faɗa wa Yaya ba sai da safe, bayan Umma ta ja ƙofa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke da ba ki iya tambayar canji a wurin kwandasta, ke ce kika je gidan yari?"

"Bayansa ne."

"Na sa ki rantsuwa."

"Umma kika ce. Ba ki ce matar ofis ba."

Ta ɗaga hannu kamar za ta kai min duka, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Matar ba ta zauna ba sai da ta tambaya, "Ta ina kike so in zauna?" Yaya ta nuna damanta. Ta ce da ni in kashe firij in ba damuwa. Na zare wayar, falon ya yi tsit har na ji agogo. Sai ta sake yin bayanin tun daga farko, a hankali, tana kallon Yaya. Ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, alamu sun nuna za a sake shi.

"Ni ban damu ya ruɓe ko kada ya ruɓe ba," in ji Yaya. "Wannan na Kawu ne. Ko ya shekara ɗari a ciki kunnena ba zai dawo ba. Layin nan kuma da kuka hana shi, me zai zo yi? Bai ma san gidanmu ba. Hanyata nake so."

"Ba wata hanyar da za ta kai ki kemis ɗin?"

"Akwai. Ba bango."

Sai matar ta ce, "In na ce musu hanya, za su ce wace hanya, daga ina zuwa ina. Za ki iya nuna min?"

Yaya ta daɗe tana kallon ƙofar ɗaki. Ta tashi ta shiga. Na ji ta durƙusa tana jawo takalmi da tsintsiya.

"Ki bi ni a baya," ta ce wa matar a bakin ƙofa. "Kada ki yi min magana."

Haka muka jera, Yaya a gaba, ni da matar a baya. Tafiyar ta fi ta kullum wuya. Ta tsaya a katangar makaranta ta jingina goshi, na ɗauka za ta juya. Matar ta yunƙura, na riƙe mata hannun riga, ni da kaina ban san na yi ba. Yaya ta ɗago ta ci gaba. Matar tana rubuta inda kowane bango ya fara da inda ya ƙare. Da muka kai, mai lemo ta ce, "Ina kika shiga? Na ɗauka kin sami wata mai lemon." Ta dubi matar ofis. "Wannan kuma fa, kin ƙara 'yan rakiya?"

Matar ta tsaya tana kallon ruwan kumfa yana bi ta gaban ƙofar kemis. Ta ce ba ta yi alkawari ba, samun mai ɗaukar wanda ya fito daga gidan yari aiki ba wasa ba ne, kuma in aka rasa wani wurin, kwamiti zai iya cewa a bar shi nan. Amma za ta tsaya a kai. Sannan ta karɓi lambar wayar Yaya ta ce daga yau ita za a riƙa kira, ba kowa ba.

"Saura mahaifiyarki," ta ce. "Wannan ba aikina ba ne."

Yaya ta faɗa wa Umma da yamma, suna tsince shinkafa. Ban ji farkon ba. Na dai ji faranti ya bugi ƙasa. Umma ba ta faɗi ba, ba a kai ta asibiti ba. Ta tsince shinkafar da ta zube ƙwaya-ƙwaya, ta dube ni ta ce, "Ke kuma munafuka, da idonki kamar na mage." Ta daina yi mana magana. Abinci ma sai ta ajiye ta tura da ƙafa. Kawu ya zo ya yi ta faɗa a tsakar gida, ya ce an mai da shi maƙaryaci a gaban hukuma, shi da ko ɗan sanda bai taɓa kama shi da lasin ƙarya ba. Yaya ta juya masa kunnen hagu ta ci gaba da wanki.

Ranar da kwamiti ya zauna, wayar Yaya tana hannunta tun safe. Ta ajiye, ta ɗauka, ta duba ko caji ya ƙare, ta sa ni na kira ta don ta tabbatar tana ƙara. Sai bayan la'asar ta yi ƙara da gaske. Ta kara a kunnen dama ta shiga ɗaki. Umma tana bakin murhu, ta tsaya da ludayi a sama.

Yaya ta fito ta ce, "Sun sake shi." Umma ta zauna a kan turmi. "Ba zai yi aiki a tasha ba. An mai da shi wani gareji can ƙetaren gari. Daga ƙarshen layinmu har ƙofar kemis, ba zai taka ba. In ya canza wurin aiki ko wurin kwana za su kira ni." Ta ɗan tsaya. "Ta ce ba ta ce ba zan taɓa ganinsa a duniya ba. Ta ce in na gan shi a hanyar, in kira ta."

Miya ta kama, ba wanda ya tashi.

Da safe Yaya ba ta jira Umma ta fita ba. Ta zauna a tsakar gida ta saka takalmi a gabanta. Umma ta ɗauki jakarta ta wuce mu, ta kai ƙofa, ta tsaya tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

"Akwai rami gaban ma'ajiyar siminti," ta ce, ba ta juyo ba. "Sun buɗe kwata ba su rufe ba."

"Na san shi, Umma."

Ta fita.

Mun isa ƙarshen shingen tasha rana ta ɗan ɗago. Yaya ta tsaya tana duba samarin wankin mota ɗaya bayan ɗaya, fuska bayan fuska, ta gama ta sake farawa. Ni ma ina dubawa, ko da yake a kotu kawai na taɓa ganinsa. Motoci suna wucewa. Ta sauke ƙafa ɗaya daga kan dakali, ta mayar. Titin ba shi da bango ko ta ina. Na matso ta hagunta.

"Tsaya nan," ta ce.

Na tsaya. Mai lemo ta miƙo min kujerarta, na kasa zama. Yaya ta jira wata bas ta wuce, ta juya kanta gaba ɗaya ta duba hagu da ido, ta sauka. A tsakiyar titi wani mai babur ya danna mata oda, ta daskare, na ji ƙafata ta riga ta bar dakali. Tsohuwar ta damƙe min zani. Mai babur ya kauce yana masifa. Yaya ta ƙarasa, ta tsallake ruwan kumfa, ta tura ƙofar gilashi.

"To ke fa," in ji mai lemo, "kallo za a yi, ko za a saya?"

Na sayi ɗaya. Na ɓare shi a tsaye, idona a kan ƙofar.